Fentin mai da hotunan shugabannin addini: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da na nuna wa masu koyon zane hoton wani Fafaroma da aka zana shekara 400 ko 500 da suka wuce, sai a yi tsit, daga nan tambayoyi su ɓarke. Wasu kan fentin suke tambaya, wasu kan kuɗin da aka kashe, wasu kuma kan addini. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa su a nan. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun farko shi ne kowane hoto daga cikinsu ciniki ne tsakanin mutum biyu: ubangida mai son a gan shi yadda yake so, da mai zane mai tasa bukatar.

Mene ne fentin mai?

Garin launi ne da aka kwaɓa da mai. Man da aka fi amfani da shi ana tatso shi daga ƙwayar linsid, wani tsiro da ake yin zare da bawonsa. A Italiya suna son man wata ƙwara mai suna wolnot, domin ba ya saurin komawa ɗorawa. Garin kuma daga ko'ina yake zuwa: jar ƙasa da ƙasa mai ruwan ɗorawa, gawayi da ƙonannen ƙashi don baƙi, dalma da aka bari ta ci tsami don fari.

Wannan mai ba ya bushewa irin bushewar ruwa. Iska yake sha a hankali har ya daskare ya zama kamar fata. Shafa ɗaya kan ɗauki kwana biyu zuwa mako biyu kafin a iya taɓa ta, kuma akan jira wata shida ko shekara kafin a shafa banish a kai, wato ruwan ƙyalli mai kare fenti. Wannan jinkiri shi ne sirrin sana'ar gaba ɗaya. Mai zane yana da lokacin da zai narkar da inuwa cikin haske a kumatu, ya goge, ya sake, ya dawo gobe ya ƙara.

Man gyaɗa ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. Na taɓa gwadawa ina yaro, da man gyaɗa da garin shuɗin wanki a kan falle ɗin katako. Wata uku yana jingine a bayan ƙofa, ƙurar hunturu ta manne masa kamar gari a kan ƙuli-ƙuli, idan ka sa yatsa har lokacin sai ya fito da maiƙo. Man gyaɗa da manja ba sa cikin mayukan da ke daskarewa da iska.

An ce Jan van Eyck ne ya ƙirƙiro shi. Haka ne?

A'a. Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu zane ɗan Italiya, shi ne ya rubuta haka a 1550, maganar ta bi duniya. An san haɗa launi da mai a Turai tun ƙarni na 12, kuma binciken da aka bayyana a 2008 ya nuna an yi amfani da mai a zanen bangon kogunan Bamiyan na Afganistan tun wajen ƙarni na 7. Abin da van Eyck, mai zanen da ya rasu a 1441 a yankin Beljiyam ta yau, ya yi shi ne ya kai aikin inda ba a taɓa kai shi ba.

Akwai wani hotonsa na wani dattijo da aka daɗe ana cewa Kadinal Niccolò Albergati ne (Kadinal babban limami ne da ke bin Fafaroma a muƙami), ko da yake masana na jayayya kan hakan. Hoton fentin yana Vienna. A Dresden kuma akwai ƙaramin zanen da ya fara yi a takarda da tsinken azurfa, inda ya rubuta wa kansa bayanin launin ido da hanci da leɓe da tsiron gemu. Ka ga ke nan babban mutum bai zauna masa na watanni ba. Zama kaɗan ya samu, sauran aikin a shago aka yi shi daga wannan takarda.

Me ya sa manyan coci suka fi son mai?

Kafin mai ya yaɗu, da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa launi a Italiya. Tana bushewa cikin 'yan mintoci, don haka dole mai zane ya gina inuwa da ƙananan layuka, ɗaya kusa da ɗaya. Aikin yana da kyau, amma ba ya ba ka nauyin karammiski ko sheƙin alharini. Shi kuwa shugaban coci a suturarsa ake karanta muƙaminsa. Fafaroma yana da jar hular karammiski mai bakin farin gashin dabba, da gajeriyar jar alkyabba da ta tsaya a gwiwar hannu, da farar riga mai laushi a ƙasa. Kadinal yana da nasa jan. Fentin da zai iya bambanta waɗannan yadudduka har mai kallo ya ji kamar ya taɓa, shi za su nema.

Yaya suke samun wannan ja mai zurfi haka?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa. Ba ja ɗaya ba ne, hawa-hawa ne.

Da farko akan shimfiɗa ja mai kauri wanda ba a gani ta cikinsa, wanda ake haɗawa daga zaiba da farar wuta. Inda haske zai sauka a ƙara farin dalma, inda yadi ya lanƙwashe a ƙara duhu. Sai a bar shi ya bushe sarai. Bayan nan a ɗauko wani jan dabam, na rini, wanda ake samu daga saiwar wani tsiro ko daga busassun ƙwari. A da ƙwarin karmis ne na gaɓar Bahar Rum, bayan Sifaniyawa sun ci Meksiko a 1521 kuma sai ƙwarin kocinil suka shigo kasuwa, masu ƙarfin launi fiye da na da. Wannan jan idan ya haɗu da mai shara-shara yake zama, kamar ruwan zoɓo a kofin gilashi. Sai a shafa shi siriri, a jira, a sake shafawa, wani lokaci sau da yawa. Haske yana ratsa waɗannan shafe-shafe, ya bugi jan ƙasa, ya dawo ido. Abin da ya sa kake ganin kamar launin daga cikin hoton yake fitowa ke nan.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: shafar ƙasa ta zama marar maiƙo, ta sama ta fi ta maiƙo. Idan aka juya, ta sama za ta bushe alhali ta ƙasa tana motsi, hoton ya tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe.

Jan rini yana da rauni, hasken rana yana cinye shi. Hotuna da yawa da muke gani yau sun kwashe wani ɓangare na jansu.

Wa ke biyan kuɗin, kuma yaya ake ciniki?

Wani lokaci shugaban da kansa, wani lokaci danginsa, wani lokaci wani sarki. A manyan ayyukan coci akan rubuta kwangila a gaban shaidu. A wadda Domenico Ghirlandaio ya sa wa hannu a Florence a 1485 an rubuta cewa zai gama cikin wata 30, a biya shi fulorin 115, kuɗin zinariya na garin, kuma shuɗin da zai sa ya zama mai darajar fulorin 4 kowace oza. Wannan shuɗi daga dutsen lazaward ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a Badakhshan ta Afganistan ya biyo ta Venice, shi ya sa mai ba da aiki ke sa ido a kansa.

Amma da Fafaroma ba a cika yin irin wannan lissafi ba. Barantaka ce. Ka yi wa ubangida aiki, ka zuba ido ga abin da zai faɗo daga hannunsa: sarƙar zinariya, ko muƙami, ko wasiƙa zuwa wani sarki. Sebastiano, ɗan Venice da ya zana Fafaroma Clement na 7, a 1531 ya samu muƙamin mai riƙe hatimin dalma na Fafaroma, har sunan muƙamin ya bi shi, ana ce masa del Piombo, wato na dalma. Sai da ya sa rigar 'yan zuhudu kafin ya karɓa.

Labarin Titian shi ne ya fi nuna ɗacin abin. Ya zana Fafaroma Paul na 3 a 1543, dattijo mai shekara 75, kansa ba hula, hannunsa kamar busasshen reshe a kan jaka. Abin da Titian yake nema a wurin dangin Farnese, dangin Fafaroman, shi ne a ba ɗansa Pomponio, wanda limami ne, kuɗin shigar wani gidan ibada kusa da garinsu. Da wannan fata ya tafi Roma a 1545, aka sauke shi a fadar Vatican, aka karrama shi, har aka ba shi zama ɗan birni a 1546. Can ya fara babban hoton nan na Fafaroma da jikokinsa biyu: Alessandro, wanda aka naɗa Kadinal yana ɗan shekara 14, tsaye a baya hannunsa a kan kujera, da Ottavio yana sunkuyo don gaisuwa, tsohon kuma ya waigo yana kallonsa ta gefen ido. Ba a gama hoton ba. Hannun dama na Fafaroma ko zana shi ba a ƙarasa ba. Titian ya koma Venice, gidan ibadar da aka sa masa rai bai samu ba. Hoton yana Naples yanzu, kuma rashin gamawar ya zame mana makaranta, domin kana ganin jan shimfiɗar farko tsirara kafin a lulluɓe ta.

Me Fafaroma zai yi da hotonsa?

Hoto yana zuwa inda mai shi bai je ba. A 1518 Raphael ya zana Leo na 10, ɗan gidan Medici, tare da 'yan uwansa Kadinal biyu. Aka aika hoton Florence lokacin bikin auren ɗan ɗan'uwansa Lorenzo, aka kafa shi wajen liyafa a madadin Fafaroman. Yana zaune a gaban littafi mai ado, ƙararrawar azurfa a gefe, gilashin ƙara girman rubutu a hannunsa saboda raunin idonsa. A ƙwallon tagulla da ke kan kujerarsa, idan ka matso, za ka hango tagar ɗakin. Ɗaya daga cikin Kadinal ɗin, Giulio, shi ya zama Clement na 7 a 1523. Saƙon gidan Medici a fili yake. Shekara ɗaya kafin wannan hoto kuwa Martin Luther, limamin da ya yi wa cocin Roma bore, ya fito da batutuwansa 95 a Jamus, kan yadda ake tara kuɗi da takardun gafara.

Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne hoton Julius na 2, shi ma na Raphael, na 1511 zuwa 1512. Julius mayaƙi ne, shi ya sa harsashin sabuwar majami'ar Saint Peter a 1506. Amma a hoton tsoho ne mai farin gemu, idonsa a ƙasa, hankici a hannu, zobba a yatsu. Gemun na alhini ne, ya bar shi bayan birnin Bologna ya kuɓuce masa a 1511. A saman kujera akwai 'ya'yan itacen ok biyu na zinariya, alamar gidansu na della Rovere. Vasari ya ce mutane kan tsorata idan sun gan shi, kamar yana raye. Wannan zama a kujera, a karkace kaɗan, daga gwiwa zuwa sama, shi masu zana Fafaroma suka yi ta bi har ƙarni biyu da ɗoriya.

Akwai kuma wanda wani ya biya don nasa dalilin. Jacques-Louis David ya zana Pius na 7 a 1805 da umarnin Napoleon, bayan Fafaroman ya zo Paris bikin naɗin Napoleon. A 1809 Napoleon ya tsare Fafaroman har 1814. A 1819 kuma yariman Ingila ya aiki Thomas Lawrence Roma ya zana shi, aka rataye shi a Windsor cikin waɗanda suka ga bayan Napoleon.

To mai zane yana iya faɗin gaskiya a fuskar ubangidansa?

Yana iyawa, kuma a ganina babu wanda ya yi kamar Diego Velázquez. Sarkin Sifaniya Philip na 4 ya aike shi Italiya a 1649 ya sayo zane-zane da gumaka. A 1650 ya zana Innocent na 10, ɗan gidan Pamphilj, dattijo da ya haura 75.

Labule ja, kujera ja, hula ja, alkyabba ja, fuskar ma ja ce. Kowane ja da halinsa. Alkyabbar tana walƙiya saboda 'yan shafe-shafen fari da ruwan hoda da aka ja da buroshi a guje, idan ka matso sai ka ga fenti kawai, idan ka ja baya taku uku sai ya zama alharini. Farar rigar kamar an watsa ta. Amma fuskar ita ce magana: girar a haɗe, leɓe a matse, ido yana auna ka kamar ka zo da ƙorafin da bai yarda da shi ba. Mai zanen bai rage masa muni ba, bai kuma rage masa kwarjini ba. Ana ba da labarin cewa da Fafaroman ya gani sai ya ce gaskiyar ta yi yawa. Duk da haka ya karɓa, ya ba shi lambar zinariya da sarƙa, kuma hoton yana gidan dangin a Roma har yau.

Velázquez ma da tasa bukatar. A takardar da ke hannun Fafaroman ya rubuta sunansa. Abin da yake so shi ne shiga ƙungiyar barade ta Santiago, wadda ba a shigar da mai aikin hannu. Sai a 1659, saura shekara ɗaya ya rasu, ya samu, bayan wani Fafaroman ya ɗauke masa sharaɗin asali, wato zama ɗan babban gida.

Wa ke niƙa launin?

Yaran shago. Fentin kwalba mai matsawa sai a 1841 aka ƙirƙiro shi, kafin nan kullum sai an niƙa gari da mai a kan dutse, abin da ya rage a ɗaure shi a mafitsarar dabba. Aikin awoyi ne, kuma farin dalma da jan zaiba guba ne.

A shagon Velázquez akwai Juan de Pareja, bawansa, baƙar fata. Kafin Velázquez ya zana Fafaroma sai ya zana Pareja, aka baje hoton a Pantheon, wani tsohon gini a Roma, a watan Maris na 1650, masu zanen Roma suka yi ta mamaki. A Nuwamban shekarar ya sa hannu a takardar 'yanta shi, da sharaɗin ƙarin hidimar shekara huɗu. Pareja ya zama mai zane da kansa. A 1970 aka yi gwanjon hotonsa a Landan kan fam miliyan 2.3, yana New York yanzu.

Me ya sa ake ganin hoto ɗaya a wurare da yawa?

Kwafi sana'a ce a lokacin, ba abin kunya ba. Lucas Cranach, mai zanen fadar Wittenberg tun 1505, aminin Luther ne, ya halarci ɗaurin aurensa a 1525. Shagonsa ya riƙa fitar da fuskar Luther da yawa daga samfuri ɗaya, har ta zama fuskar da Jamus ta sani. A shekarun nan dai yana yi wa Kadinal Albrecht na Brandenburg aiki, mutumin da Luther ke yaƙa.

Akwai kuma kwafin dabara. Da mai mulkin Mantua ya roƙi Clement na 7 hoton Leo na 10, dangin Medici a Florence ba su so rabuwa da shi ba, sai suka sa Andrea del Sarto ya yi irinsa a ɓoye, aka aika. Vasari ya ce har Giulio Romano, almajirin Raphael, bai gane ba.

Katako ko yadi?

Raphael a katako ya yi, wanda aka shafe da farar ƙasa da gam ɗin fata aka goge ya yi sumul. Mutanen Venice suka koma yadin kambas saboda damshin garinsu, ga shi ba nauyi, ana naɗe shi a aika.

Yaya ake gane na asali?

Hoton Julius da ke Landan ya shekara da yawa ana ɗaukar sa kwafi. A 1970 aka wanke shi aka ɗauki hoton eksire, sai ga makullai, alamar Fafaroma, a ƙarƙashin koren labulen baya. Mai zanen ya fara da su, ya sauya shawara ya rufe. Mai kwafi ba ya sauya shawara, abin da ya gani a sama shi yake bi. Farin dalma yana tare eksire, shi ya sa ake ganin abin da aka binne.

Shugabannin Musulmi fa? Akwai hoton Shehu Usmanu Ɗanfodiyo?

Babu hoton Shehu da aka zana yana raye. Ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana kyamara a 1839, kuma waɗanda ke yawo a intanet da sunansa ba na zamaninsa ba ne. Malamai da yawa sun hana zana mai rai bisa hadisai, don haka abin da al'ummarsa ta adana shi ne littattafansa da waƙoƙinsa da abin da almajiransa suka rubuta a kansa. Kiristoci ma sun yi wannan jayayya a tsakaninsu, har aka farfasa hotuna a majami'un Wittenberg a 1522 da na Holan a 1566.

A fadar Usmaniyya an samu wanda ya so hoto. Sultan Muhammad na 2 ya nemi Venice ta aiko masa mai zane bayan sulhun 1479, aka tura Gentile Bellini Santambul, ya zana shi a 1480. Sarki ne dai, ba malami ba.

Hoton da ya fi kusa da mu shi ne na Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani ɗan gidan malamai daga Bundu, a Senegal ta yau. An kama shi a bakin kogin Gambiya wajen 1731, aka sayar da shi a Maryland ta Amurka, wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin kai shi Landan a 1733. Turawan da suka fanshe shi suka so hotonsa, William Hoare ya zana. Thomas Bluett, wanda ya san shi, ya rubuta a 1734 cewa da farko Ayuba ya ƙi, sai da aka tabbatar masa don tunawa da shi ne kawai. Da aka gama fuska ya ce a sa masa kayan ƙasarsu. Hoare ya ce ba zai iya zana rigar da bai taɓa gani ba. Ayuba ya tambaye shi, in haka ne, yaya wasu masu zanenku ke zana Allah da ba wanda ya taɓa gani?

A hoton yana sanye da farin rawani da farar riga, littafi mai jan bango rataye a wuyansa, wanda ake cewa ɗaya ne daga cikin Alƙur'anan da ya rubuta da ka. Ya koma gida a 1734. Hukumar gidajen tarihi ta Qatar ta sayi hoton a 2009, kuma an ba da shi aro ga gidan hotunan mutane na Landan.